Waiwaye: Yadda aka koya wa kwamfuta tsara matakan aiki

Ɗaliban kwamfuta a Jos da ke rububin ƙirƙirarriyar basira sun fi sanin manhajojin da ke koyo daga tarin bayanai. Akwai hanyar da ta girme su, kuma har gobe tana aiki: a bayyana wa na'ura halin da ake ciki da alamomi, a faɗa mata inda ake son kaiwa, ita ta nemo matakan.

A 1969 John McCarthy da Patrick Hayes suka nuna abin da ke ci wa masana tuwo a ƙwarya: in an ɗauki mataki ɗaya, ta yaya na'ura za ta san abubuwan da ba su canza ba, ba sai an lissafa mata su ɗaya-ɗaya ba? A 1971 Richard Fikes da Nils Nilsson na cibiyar SRI a Amurka suka fito da STRIPS, wata manhajar tsara matakai, saboda wani mutum-mutumi mai suna Shakey. Suka ba kowane mataki sassa uku: sharuɗɗansa, abin da zai ƙara, da abin da zai goge. Abin da ba a ambata ba yana nan daram.

Misali, kai dankalin Turawa daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada. Matakin "loda buhu" sharaɗinsa mota da buhu suna wuri guda. Ya ƙara "buhu yana cikin mota", ya goge "buhu yana ƙasa". A nan sabon shiga ke tuntuɓe. In ya manta gogewar, na'ura za ta ɗauka buhun yana mota kuma yana ƙasa, sai ta sake loda shi a wata motar, ta ba da tsarin da ba zai yiwu ba. Laifin mai rubutu ne, ba nata ba.

A 1998 Drew McDermott da abokan aikinsa suka samar da PDDL, harshe guda na bayyana wa na'ura irin waɗannan ayyuka, don gasar manhajojin tsara matakai. Maria Fox da Derek Long suka ƙara masa lokaci da adadi a 2003, shi ya sa yanzu ake iya rubuta man da mota ke sha.

Babban ƙalubale shi ne yawa. Bayanai 30 na e ko a'a kaɗai na iya haifar da yanayi sama da biliyan ɗaya. Dabarar da ta sa manhajar FF ta Jörg Hoffmann ta yi zarra a gasar shekarar 2000 ita ce ta yi watsi da jerin abubuwan da matakai ke gogewa na ɗan lokaci, ta ƙiyasta nisan da ya rage, sannan ta bi hanyar da ta fi kusa.