Wasiyya: mece ce, kuma me ake rubutawa a ciki?

A Tahoua, in an ce wa dattijo ya rubuta wasiyya, amsar da aka saba ji ita ce "tukuna dai, da sauran lokaci". Wasu na ganin kamar kiran mutuwa ne, alhali hadisin Abdullahi ɗan Umar ya nuna bai kamata Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kai ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba.

Wasiyya umarni ne da mutum yake bari a zartar bayan rasuwarsa. Ba rabon gado ba ce, domin shi gado shari'a ta riga ta yanke wa kowa rabonsa. Daga dukiyar mamaci ana fara cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, sannan a raba saura. Ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yin ta ga mai gado sai in sauran magada sun yarda. Amfaninta yana ga waɗanda gado bai kai gare su ba: ɗan riƙo, ko jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa alhali baffanni suna raye.

Inda aka fi yin kuskure shi ne haɗa ta da kyauta. Uba ya ce "gidan can na ba wance", amma bai miƙa mata ba, ba ta karɓa ba har ya rasu. A mazhabar Malikiyya wannan kyauta ta faɗi, gida ya koma cikin gado. Zumunci da yawa ya lalace a kan haka.

Mai jinkiri kada ya jira ranar da zai gama komai. Zama na farko na bashi ne kaɗai: wa yake bin ka, wa kake bi, nawa, wa ya shaida, har da adashi da ajiyar mutane. Na biyu na dukiya: gona da iyakokinta, wadda aka ba da aro ko jingina, takardar Kofo (hukumar filaye ta Nijar) ko ta fili da inda aka ajiye ta, shanun da ke hannun makiyayi da sunansa, asusun banki, kuɗin da ke cikin salula. Wanda ya yi ci-rani a Abijan ko Libiya ya rubuta sunan abokin kasuwancinsa na can, don iyali sau da yawa ba su san shi ba. Bayan nan sai a naɗa wasiyyi, wato wanda zai zartar da wasiyyar, a sa kwanan wata, shaidu biyu adilai su sa hannu. Takarda ba shaida gardama take haifarwa a taron dangi da gaban alƙali. A ajiye kwafi biyu a hannu daban-daban, ko a kai wa noter, wato jami'in da ke tabbatar da takardu bisa doka. Muddin mutum yana raye, yana iya sauya ta.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin sulusi: asalin gida. Daga wane gari na Adar kakanni suka taso, wa ya sari gonar farko, wa ya auri wa. A zaunar da tsoho minti 20 a rana, a ɗauki muryarsa da salula, a fara da faɗin sunansa da kwanan wata. Kada a bar muryar a waya guda, ko a WhatsApp kaɗai, domin waya na ɓata. A kwafe a katin ajiya, a tura wa 'yan'uwa biyu. Tsoffin takardun ajami kuwa a ɗauki hotonsu shafi-shafi, a nisanta su da laima da gara. Cibiyar bincike ta IRSH da ke jami'ar Abdou Moumouni a Yamai tana adana irinsu.