Waiwaye: Tafawa Ɓalewa da ƙudurin gyaran En'e na 1950

A watan Agusta na 1950 wakilin lardin Bauchi a Majalisar Wakilan Arewa, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a zauren majalisa a Kaduna ya nemi Gwamna ya kafa kwamiti mai zaman kansa da zai binciki tsarin mulkin En'e (hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna) a lardunan Arewa, ya kawo shawarar yadda za a gyara shi. Yau an fi tuna shi da Firayim Minista mai sanyin hali da daɗin murya. Amma a aikinsa na majalisa babu abin da ya taɓa rayuwar talakan Arewa kai tsaye kamar wannan ƙuduri, kuma tambayar da ya ɗaga a ranar har yanzu ba a gama amsa ta ba.

Sai an san mece ce En'e kafin a gane nauyin maganar. Turawa ba su da yawan ma'aikatan da za su riƙe ƙasa mai faɗin Arewa, don haka Gwamna Lugga ya bar mulkin yau da kullum a hannun sarakuna, Razdan da Di'o na sa ido. Dokar En'e ta 1916, da wadda ta gaje ta a 1933 zamanin Gwamna Cameron, su suka ba tsarin gindin zama. A manyan masarautu doka ta ɗauki Sarki shi kaɗai a matsayin En'e. Yana da 'yan majalisa, waziri da madaki da sauransu, amma shawararsu ba ta ɗaure shi. Wanda zai taka masa burki Razdan ne kawai.

Ƙarƙashin wannan hukuma guda aka tara komai. Haraji da jangali suna tasowa daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, su ƙare a baitulmali. Daga baitulmalin nan ake biyan albashin alƙali, da na ɗan doka, da na yari mai tsaron fursuna. Nan matsalar take. Idan manomi ya ga an ɗora masa harajin da ya fi ƙarfinsa, ko an karɓa ba a ba shi rasit ba, ina zai kai kuka? Ɗan dokan da zai kama shi na En'e ne, alƙalin da zai saurare shi En'e ke biyansa, gidan yarin na En'e ne, in kuma ya ɗaukaka ƙara sai ta kai shi kotun Sarki. Ba sai mai mulki ya zama azzalumi ba kafin irin wannan tsari ya cutar. Ya isa a ce babu wata ƙofa ta biyu.

Abubakar ya san tsarin daga ciki. An haife shi a 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, kuma ba ɗan gidan sarauta ba ne: mahaifinsa bara ne a gidan Ajiyan Bauchi. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma Midil ta Bauchi ya koyar har ya zama hedimasta. A Bauchin ne, farkon shekarun 1940, ya zauna dandalin muhawara guda da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, inda aka riƙa tattauna mulkin sarakuna a gaban Turawa da manyan En'e. Ya yi karatun shekara guda a Jami'ar Landan, 1945 zuwa 1946. Da ya dawo En'e ta Bauchi ta tura shi sabuwar majalisar Kaduna, daga can kuma aka zaɓe shi zuwa majalisar dokoki ta Ikko a 1947.

Majalisar da ya shiga ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Richards ba ta yin doka. Tana duba kasafin kuɗi da daftarin dokoki, ta ba da shawara, shi ke nan. Kusan rabin kujerunta na jami'an Turawa ne, sauran kuwa galibi En'e-En'e ne suka turo su, wato ma'aikatan sarakuna. A irin wannan zaure ne ma'aikacin ilimi ya tashi ya ce a binciki iyayen gidansa.

Jawabin nasa bai nemi a rushe sarauta ba. Abin da ya soka shi ne matsayin Sarki shi kaɗai ya zama hukuma, da yadda ake mulkin jama'a ba tare da an nemi ra'ayinsu ba, da cin hanci da karɓar gaisuwa da suka zama jiki a ofisoshi da kotuna, da rashin wuri ga matasan da suka yi boko. Hujjarsa mai sauƙi ce: ƙasa na tafiya zuwa mulkin kai, in ba a gyara En'e da hannu ba, wata rana za a gyara ta da ƙarfi. Ƙudurin ya wuce da ƙyar, da ɗan ƙanƙanen rinjaye, kuma sarakuna da dama ba su ji daɗinsa ba.

Lokacin ma abin lura ne. A ranar 8 ga wannan wata na Agusta aka kafa NEPU, jam'iyyar masu adawa da mulkin En'e, a Kano. Cuta ɗaya suka gani, Abubakar da su Aminu Kano na NEPU, magani ne ya raba su. 'Yan Sawaba, wato 'yan NEPU, sun ce sai talaka ya ƙwaci 'yancinsa daga masu sarauta. Abubakar ya ce a gyara gidan ba tare da an rushe shi ba. Wanda ya ɗauka cewa dukan 'yan NPC, jam'iyyar Abubakar, masu kare En'e ne ido rufe, bai bi tarihin wannan ƙuduri ba.

Gwamnati ba ta ba da kwamiti mai zaman kansa da aka nema ba. Sai ta sa jami'anta biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto. A 1951 kwamitin haɗin gwiwa na Majalisar Sarakuna da ta Wakilai ya zauna kan rahoton. Dokar 1952 ta soke matsayin Sarki shi kaɗai, sannan Dokar En'e ta 1954 ta tattara gyare-gyaren wuri guda. Kafin nan Abubakar ya koma Ikko, ya zama ministan ayyuka a 1952, daga baya na sufuri, har Firayim Minista a 1957. Ragamar ƙananan hukumomi a Kaduna ta faɗa hannun Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya riƙe ma'aikatar kafin ya zama Firimiya a 1954.

Sabon tsarin ya kawo siga biyu da sunayensu suka yi kama amma aikinsu ya bambanta. A "Sarki cikin majalisa", dole Sarki ya nemi shawarar 'yan majalisarsa, amma yana iya saɓa wa rinjayensu muddin ya sanar da gwamnati. A "Sarki da majalisa", abin da rinjaye ya yanke shi ne hukunci. Manyan masarautu sun tsaya kan siga ta farko. Dokar ta kuma buɗe hanyar kafa majalisun ƙauye, na gunduma, na gari, da babbar majalisar ba da shawara da ke haɗa wakilan gundumomi.

A takarda gyara ne babba. A aikace ya tsaya rabin hanya, saboda dalilai da ake iya nunawa da yatsa. 'Yan majalisar Sarki yawanci shi ke zaɓo su, kuma rawaninsu na hannunsa, don haka da wuya wani ya ja da shi a zaure. Majalisun gunduma hakimi ke shugabantarsu, kuɗin da ake sakar musu kuma bai taka kara ya karya ba. Mafi muni, ba a taɓa 'yan doka da kotuna da gidajen yari ba. Da siyasar jam'iyyu ta kankama sai waɗannan suka zama makami: izinin yin lacca a hannun En'e yake, 'yan adawa da yawa kuma sun ɗanɗana ɗauri ta hannun alƙalai. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, an ba En'e damar cusa kashi 10 cikin 100 na masu zaɓe a matakin ƙarshe, abin da ya taimaka NEPU ta ci matakin farko a birnin Kano ta faɗi a na ƙarshe. Nan ne, a ganinmu, hanyar Abubakar ta gamu da iyakarta: jam'iyyarsa ta dogara da En'e wajen cin zaɓe, ba za ta sare reshen da take zaune a kai ba.

Ikon da aka rage wa sarakuna bai sauko wurin talaka ba, sama ya hau. Lamiɗon Adamawa Ahmadu ya bar gadon sarauta a 1953, Sarkin Bauchi Yakubu na Uku a 1954, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi kuma ya yi murabus a 1963 bayan binciken da wani jami'in gwamnati Bature, Muffett, ya yi kan kuɗin En'e ta Kano. Kaduna ce ta zama mai naɗawa da saukewa.

Sauran aikin sojoji ne suka ƙarasa bayan an kashe Abubakar a juyin mulkin Janairun 1966. Dokar kotunan yanki ta 1967 ta raba En'e da shari'a ta rufe kotunan sarakuna. Gidajen yari suka koma hannun gwamnatin tarayya a 1968, 'yan doka kuma aka narkar da su cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya a shekarun da suka biyo. Gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, ya mayar da sarakuna masu ba da shawara.

Kujerar da Sarki ya bari gwamna ne ya zauna a kanta. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ƙananan hukumomi 774, amma ya bi da kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamnoni da yawa kuma suka riƙa naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe. Sai a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma kada a saki kuɗi ga wadda ba zaɓaɓɓu ne ke riƙe da ita ba.