Me ake nufi da IoT, wato intanet ɗin kayayyaki?

A shekarar 1982, wasu ɗalibai a jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka sun gaji da yin tattaki zuwa injin sayar da Coca-Cola su tarar babu lemo, ko kuma akwai amma bai yi sanyi ba. Sai suka jona injin da kwamfutar sashensu, ta yadda mutum yana zaune a kan kujerarsa zai san halin da lemo yake ciki. Lalaci ne ya haifi dabarar, kuma sai bayan shekara 17 aka raɗa mata suna. Kevin Ashton, ɗan Birtaniya da ke aiki a kamfanin Procter & Gamble, shi ya fara amfani da kalmar Internet of Things, wadda ake taƙaitawa IoT, a 1999.

Ma'anarta a sauƙaƙe: kayan da ba waya ba, ba kwamfuta ba, su riƙa aika saƙo ko karɓarsa ta intanet ba tare da wani ya danna komai ba. Sunan ya fi abin girma. Wanda ya haɗa ƙaramar na'urar sanarwa da hannunsa zai fi gane haka.

Mun saba da kwan fitila ko jiniyar da ake sawa a gida don a san an kawo wuta a kashe janareta. To, a ce kana kasuwa kana son sanin hakan. Ƙwaƙwalwar aikin wani ɗan allo ne da bai kai kwalin ashana girma ba, mai ɗauke da 'yar ƙwayar kwamfuta mai suna ESP8266, wanda kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2014, ko ƙaninsa ESP32 da ya biyo baya a 2016. Yana kama Wi-Fi, kuma cajar waya ta ishe shi abinci, don haka ba ruwanka da taɓa wayar wutar gida. Ka rubuta masa 'yan layukan umarni, ka soka cajar a soket. Da an kawo wuta zai farka, ya hau intanet, ya turo maka saƙo a waya.

Idan aka ɗauke wutar fa? Ai na'urar ta mutu, wa zai ba da labari? Nan ne abin ya fi burge ni. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori suna magana ne da tsarin MQTT, wanda Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka ƙirƙira a 1999 don sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam. A tsarin akwai dillali a tsakiya, wato wata kwamfuta a intanet: na'ura ta ba shi saƙo, shi kuma ya raba wa duk wanda ya yi rajistar son ji. Duk lokacin da ta hau intanet ta haɗu da shi, na'urar takan bar wasiyya a hannun dillalin, cewa idan ya ji ta shiru fiye da lokacin da aka yanka, ya sanar cewa ta tafi. Wasiyyar ita ce saƙon "an ɗauke wuta".

Saura gidan da za a saka allon, don allo tsirara ba ya jure ƙura. A nan firintar 3D take shigowa. Ba tawada take zubawa ba, zaren roba mai kaurin milimita 1.75 take narkarwa a zafin da ya kai digiri 200, tana jera shi sahu bisa sahu kamar magini da tubali, kowane sahu kimanin milimita 0.2. Kai za ka zana akwatin a kwamfuta, da ramin caja da tagar fitila daidai awon allonka. Irin wannan firinta ta yi araha ne bayan da haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare a 2009, ga kuma aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a jami'ar Bath a 2005, wanda ya saki zanen firintar kyauta.

Sai dai a kula da irin robar. PLA, wadda aka fi samu, takan fara laushi a wajen digiri 60. Ka bar ta cikin mota a rufe da ranar bazara, ko ƙarƙashin rufin kwano, za ka tarar murfin ya lanƙwashe. PETG ta fi ta jure zafi, ko da yake ta fi wuyar bugawa.