Raunin zuciya da bangaskiyar Kirista: tambayoyi daga ƙauyukanmu

Tambaya: Me ake nufi da raunin zuciya?

Amsa: Shi ne abin da tashin hankali mai tsanani yake bari a jikin mutum bayan ya wuce. Wanda ya tsira daga gobarar tankar man fetur a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, yana iya jin warin fetur a kasuwa jikinsa ya ɗauki ɓari. Barci ya ƙaurace masa, mugun mafarki guda yana ta dawowa, faɗuwar kwano ma sai ta zaburar da shi.

Tambaya: Ba ƙarancin bangaskiya ba ne wannan?

Amsa: A'a, kuma a nan muka fi yin kuskure. Da mun je gaisuwa, kafin mu gyara zama a tabarma mun ce "sai haƙuri". Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya, amma wanda aka ɗora wa mutum da garaje kamar ɗaure gyambo ne ba a wanke ba. Littafi Mai Tsarki bai hana kuka ba. Zabura ta 88 ta ƙare cikin duhu, ba kalmar ta'aziyya ko ɗaya a ƙarshenta, kuma aka bar ta a littafin. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Da ya tashi daga matattu bai ɓoye tabon ƙusoshin ba, har ya ce wa Toma ya miƙo hannu ya taɓa. In jikin tashin matattu yana ɗauke da tabo, don me za mu matsa wa gwauruwa ta nuna kamar ba abin da ya same ta?

Tambaya: To me fasto ko zumuntar mata za su yi?

Amsa: Su fara da zama. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai tare da shi ba su ce uffan ba, sai da suka buɗe baki suka ɓata rawarsu da tsalle. Iliya kuwa, sa'ad da ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi.

Tambaya: Dole ne wanda aka zalunta ya yafe nan take?

Amsa: An umarce mu da gafara, amma ba a fizgo ta. Yusufu ya shekara fiye da ashirin kafin ya sake ganin 'yan'uwansa da suka sayar da shi, kuma sai da ya gwada su. Yafewa ba ta hana a kai mai laifi gaban hukuma.

Tambaya: Wasu dattawa sukan ce iskoki ne. Addu'a kaɗai ta isa?

Amsa: A yi addu'a, a kuma lura. In an kwashe makonni mutum ba ya ci, ba ya iya zuwa gona, ko yana maganar kashe kansa, kada a jira. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau da Kazaure, kuma wani daga ikkilisiya ya raka shi.