Ba rashin sani kaɗai ke hana cin abinci mai gina jiki ba

An daɗe ana ɗauka cewa masu ƙaramin ƙarfi ba sa cin abinci mai gina jiki ne saboda ba su san amfaninsa ba, don haka wayar da kai kawai za ta magance matsalar. Wannan fahimta tana da rauni ƙwarai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa kimanin mutum biliyan 2.8 ba su da halin sayen lafiyayyen abinci a 2022. Uwar da ke tsaye gaban mai kayan lambu da ɗan abin da ke hannunta ta san abin da ya dace da 'ya'yanta. Tana zaɓar abin da zai ƙosar da kowa ne, wanda kuma ba zai ruɓe kafin gobe ba.

Akwai kuma nisan kasuwa, da kuɗin mota, da rashin wurin adana kayan da ke saurin lalacewa, abubuwan da nasiha ba ta gyarawa. Wayar da kai tana da amfani, amma sai an kusanto da abincin kuma farashinsa ya sauka.