Ɓeran Dahl: gishirin abinci da hawan jini a ɗakin gwaji

Ɓeran Dahl jinsin ɓeraye ne da ake kiwo a ɗakunan gwaji don nazarin yadda gishirin abinci ke tayar da hawan jini. Likita Lewis Dahl ne ya samar da shi a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar New York, Amurka, ya kuma bayyana shi a 1962. Ya lura cewa in aka ciyar da ɓerayen Sprague-Dawley, wani jinsin ɓerayen ɗakin gwaji, gishiri mai yawa, jinin wasu kan hau sosai, na wasu ko gezau. Sai ya riƙa haɗa masu hawan jinin barbara da junansu, marasa shi ma haka, har aka sami zuriya biyu: mai rauni ga gishiri da mai jure shi.

Abincin gwajin yakan ƙunshi gishiri kashi 8 cikin ɗari, na ɓerayen da ake kwatantawa da su kuwa kashi 0.3 zuwa 0.4. Cikin 'yan makonni awon sama (babbar lambar awon jini) na ɓera mai rauni kan tashi daga wajen 120 ya haura 180, furotin ya fara zuba a fitsari, ƙoda ta lalace. In aka fara tun daga yaye cutar ta fi tsanani, kuma ta fi cin maza.

Tushen matsalar na cikin ƙoda. A 1975 Dahl da abokiyar aikinsa Heine sun nuna cewa in aka dasa wa mai juriya ƙodar mai rauni, jininsa kan hau. In aka juya dashen, na mai raunin kan sauka. Ƙodar mai rauni ba ta iya fitar da sodiyam, ɗaya daga sinadarai biyu da suka haɗa gishiri, sai matsin jini ya ƙaru.

Sodiyam kaɗai bai isa ba, sai ya zo tare da kulorayid, ɗaya sinadarin na gishiri, domin in aka ba da shi a siffar bayikabonet jinin ba ya hawa haka. Ƙarin fotasiyam yana rage hawan, yana kuma tsawaita ran ɓeran. Abin da masu bincike da dama ke sakaci da shi, kuma bai kamata ba, shi ne sauran abincin: gishiri daidai wa daida, amma ɓeran da furotinsa na madara ne ya fi wanda ke cin hatsi hawan jini da ciwon ƙoda. Canjin kamfanin abinci kawai na iya ɓata gwaji.

Awon ma yana da tarko. Awon wutsiya yana buƙatar a ɗumama ɓeran a matse shi cikin bututu, firgicin kuma da kansa yana ɗaga jini, don haka sai an saba masa na kwanaki. Na'urar da ake dasawa a babbar jijiyar ciki ta fi inganci, tana aiko da awo dare da rana ɓeran na yawonsa, sai dai tana da tsada, kuma dole a jira ya warke daga tiyata kafin a fara ƙara gishirin.