Sauya Firosesar Kwamfutar Tebur daga Mai Cibiya Ɗaya zuwa Mai Cibiya Biyu

Sauya firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, aiki ne na masu gyaran kwamfuta, inda ake cire firosesa mai cibiya ɗaya a ɗora mai cibiya biyu a gurbinta, a bar sauran kayan ciki yadda suke. Cibiya ita ce sashen da ke yin lissafi. Idan biyu ne, sai su raba aiki, ɗaya ta ji da firinta ɗaya ta ci gaba da abin da ake bugawa. A garuruwa irin su Gaya, Rano, Ringim da Gumel, aikin ya fi shafar kwamfutoci na hannu da ke shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu.

Tarihi

Zuwa farkon shekarun 2000, kamfanoni na ƙara wa kwamfuta ƙarfi ne ta hanyar ɗaga saurin firosesa, wanda ake aunawa da gigahaz. Intel ya bi wannan hanya da Pentium 4, wadda ya fitar a 2000, har ta kai gigahaz 3.8. Zafi ne ya taka masa birki. Samfurin Prescott na 2004 yana kaiwa wat 115, kuma a wannan shekarar kamfanin ya janye shirin fitar da mai gigahaz 4. Kafin nan, tun 2001, IBM ya haɗa cibiya biyu a POWER4, amma don manyan injinan kamfanoni.

A 2005 abin ya iso teburin kowa: Intel ya fito da Pentium D, AMD kuma da Athlon 64 X2. Pentium D aikin gaggawa ce, cibiyoyin Pentium 4 biyu aka jera wuri guda, shi ya sa zafinta ke tsakanin wat 95 da 130. Core 2 Duo ta Intel da ta biyo baya a Yulin 2006 sabon gini ce. Lambar saurinta ba ta kai ta magabatanta ba, duk da haka ta fi su aiki, kuma yawancin samfuranta na tebur wat 65 ne. Irin waɗannan injinan, bayan sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, su ne suka yawaita a kasuwar kwamfuta ta titin Beirut a Kano.

Dacewa da madabod

A nan ake yawan asarar kuɗi. Madabod shi ne babban allon da ake ɗora kayan cikin kwamfuta a kai, kuma mazaunin firosesa na LGA 775 na Intel, wanda ya fito a 2004, yana karɓar Pentium 4, Celeron D, Pentium D da Core 2 Duo, duk su zauna daram. Zama daram ba ya nufin kwamfuta za ta tashi, domin cifset (guntayen madabod da ke haɗa firosesa da sauran kaya) da BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta) ne ke yanke hukunci. Cifset 915 bai san cibiya biyu ba sam, don haka Dell OptiPlex GX280 ba ta da wannan hanya. OptiPlex GX620 da HP dc7600 masu cifset 945 suna ɗaukar Pentium D amma ban da Core 2 Duo, sai an kai ga OptiPlex 745 ko dc7700. Tsohon mazauni na 478 bai taɓa samun mai cibiya biyu ba. A ɓangaren AMD, madabod da yawa masu mazauni 939 sun karɓi X2 bayan sabunta BIOS.

Wasu Pentium 4 masu fasahar Hyper-Threading, wadda ke sa cibiya ɗaya ta riƙe ayyuka biyu lokaci guda, suna nuna firosesa biyu a Windows alhali cibiya ɗaya ce. Mai saye ya duba lambar da ke saman firosesar.

Yadda ake yi

Ana sabunta BIOS tun tsohuwar firosesa na ciki, kuma da wutar da ba za ta yanke ba, inbata ko janareto mai isasshen mai, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe madabod. Sai a zare waya, a cire fanka da ƙarfen sanyaya, a ɗaga maƙullin mazauni. A LGA 775 siraran ƙafafun suna jikin madabod ne, yatsa kaɗai ya isa ya lanƙwasa su. A daidaita alamar kusurwa, a ajiye firosesar ba tare da dannawa ba, a goge busasshen man sanyaya, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa.

Wuta da zafi

Ga shagon da ke dogara da sola ko ƙaramin janareto, batun wuta da zafi ya fi saurin firosesa muhimmanci. A bazara zafi kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe ƙarfen sanyaya. Ɗora Pentium D a irin wannan hali yakan jawo ihun fanka da mutuwar kwamfuta ana tsakar aiki. Core 2 Duo kuwa tana rage cin wuta.

Halin yanzu

Masu gyara sun rabu: wasu na ganin ƙarin RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aiki) da SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri) sun fi amfani a kan kuɗi ɗaya, wasu na cewa burauzar zamani ba ta tafiya da cibiya ɗaya. Windows 11 na buƙatar aƙalla cibiya biyu, amma Core 2 Duo ba ta cikin firosesocin da Microsoft ya amince da su.